Ruwa Ɗaya, Aiki Uku: Jagorar Tattalin Ruwa a Gida da Madafa

Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, da wuya a sami gidan da ba ya lissafin ruwa a ƙasar Hausa. Rijiyoyi sun ja baya, guga na dawowa da rabi, rabin ma da laka. Famfon gwamnati ya yi shiru. Ɗan garuwa ya ƙara wa jarka kuɗi, don shi ma sai ya yi nisa kafin ya cika kurarsa. Kano na da madatsun Tiga da Challawa, Sakkwato na da Goronyo, Katsina na da Ajiwa da Zobe, amma ruwan da ke madatsa daban, wanda ke randa daban. A Damagaram kuwa, inda gari ke zaune a kan dutse, matsalar ruwa ta girmi galibin mazauna garin.

Yawancin shawarwarin da ake bazawa kan tattalin ruwa an tsara su ne don masu injin wanki da ciyawar ƙofar gida, mutanen da ke kashe ɗaruruwan lita kowace rana. Mu ba nan matsalarmu take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya zai sha, ya yi girki, ya ɗan tsabtace jikinsa, lita 50 kuma shi ne inda hankali ke fara kwanciya. Gida mai mutum goma ke nan yana bukatar lita 200 aƙalla, jarka takwas mai cin lita 25, kuma gidaje da dama ko hakan ba sa samu. Wanda ke wannan hali ba a ce masa ya rage. Abin da zai amfane shi shi ne tsari: kowane ruwa ya yi aikin da ya dace da shi, sannan ya sauka ya yi wani kafin ya bi rariya.

A fara da awo

Kafin a canza komai, a ɗauki mako guda ana lura. Jarka nawa ke shigowa a rana, kuma ina take tafiya? Ba sai an nemi ma'auni ba. Babban bokitin fenti na cin lita 20, duro kimanin 200, buta ta roba wajen biyu. Uwargida ta riƙa jan layi da gawayi a bango: na girki, na wanke-wanke, na wanki, na wanka, na bayi. Kusan kullum sakamakon na ba mutane mamaki. Sha da girki, waɗanda aka fi damuwa da su, su ne mafi ƙanƙanta. Wanki da wanka da bayi su ke lashe jarka. Sai kuma wani kaso da ba wanda zai iya cewa ga inda ya tafi, wato abin da yara suka yi wasa da shi, da ragowar buta da aka watsar, da yoyon bokiti mai tsaga.

Ruwa hawa-hawa ne

A raba ruwan gida zuwa daraja huɗu. Na sama shi ne ruwan sha da girki da abincin jariri. Na biyu mai tsabta ne amma ba sai an dafa ko an sa masa magani ba: na alwala, wanka, wanki da ɗaurayar kwanuka. Na uku shi ne wanda ya riga ya yi aiki ɗaya mara nauyi, kamar ruwan wankin shinkafa da ganye, ko ɗaurayar ƙarshe ta tufafi. Na huɗu ruwan sabulu ne, wanda ya ci dauɗa.

Ƙa'idar guda ce: ruwa na sauka ƙasa, ba ya hawa sama. Ragowar ruwan sha na iya zama na wanka, na wanka na iya zama na kora bayi, amma ba a juyawa. Malamai ma sun riga sun ja wannan layi, domin ruwan da sabulu ko maiƙo ya canza wa launi, ɗanɗano ko ƙamshi ba a tsarki da shi, ba a alwala da shi. Don kada yara su rikita, a nemi bokiti biyu masu launi daban a ajiye a bakin madafa, ɗaya na daraja ta uku, ɗaya na ta huɗu. Kada abin da ke cikinsu ya wuce kwana ɗaya. Ruwan da ya ɗauki gari ko sabulu, in ya kwana biyu a zafin bazara, wari zai yi, ya tara ƙuda.

Akwai ruwan da ba ya shiga wannan tsani ko kaɗan: na wankin ɗanyen nama da kifi da kaji, na wankin kashin yara da ƙunzugu, da duk abin da aka wanke wa mai gudawa. Waɗannan masai za su tafi kai tsaye.

A madafa

Nan ne aka fi samun dama, domin kusan duk abin da muke dafawa sai ya bi ta ruwa sau biyu ko uku kafin ya shiga tukunya.

A ɗauki shinkafa. 'Yar Hausa sai an rege ta saboda tsakuwa, kuma regaya ba ta bukatar sabon ruwa kowane zagaye. Ƙwarya biyu da ruwa ɗaya sun isa: ana karkatawa daga wannan zuwa waccan har tsakuwar ta rage a gindi. Ruwan farko mai ƙura ne, a ba shuka. Na biyu da na uku, masu fari-farin nan, a tara su, don ba abin da ya kai su jiƙa tukunyar tuwo. Sai kuma al'adar nan ta tafasa shinkafa, a tsiyaye, a wanke da ruwan sanyi, a sake mayarwa wuta da wani ruwan. A ganina wannan ɓarna ce ta fuska uku: ruwa ya tafi, itace ko gas ya tafi, wani ɓangare na sinadaran shinkafar kuma ya bi ruwan da aka zubar. In an wanke ta sosai tun tana ɗanya, awo ɗaya na shinkafa da awo biyu na ruwa, murfi mai kamawa, wuta kaɗan-kaɗan bayan ta tafasa, za ta yi warwar ba tare da an zubar da ko cokali ba. Wata shinkafar kan nemi ƙari kaɗan. Gara a ƙara daga baya da a cika tun farko.

Wake kuma a jiƙa shi tun dare. Wanda ya kwana a ruwa yana nuna da wuri ƙwarai, ba sai an yi ta ƙara masa ruwa ana jira ba, kuma ba ya neman kanwa da yawa. Amma babban mai shan ruwa shi ne wankin waken ƙosai da alala. Wasu kan zubar da baho biyar ko shida kafin ɓawon ya fita. Ga yadda za a yi: a jiƙa shi 'yan mintuna kawai, a surfa a turmi sama-sama, a juye a baho a zuba ruwa. Idan ɓawon ya taso, a tsiyaye ta cikin kwando zuwa wani baho, kwandon ya riƙe ɓawo, a maido da ruwan nan kan waken. A yi ta maimaitawa da ruwa ɗaya har ya fita tas, sannan a ɗauraye sau ɗaya da mai tsabta. Ɓawon na akuya ne.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan a harkar gero da dawa. Bayan surfe, tsarin da aka wanke hatsi da shi ba a zubarwa, dabbobi ake ba. Ruwan tsamin da ya kwanta a kan gasara yana komawa cikin koko ko kunu. Abin takaici, gidajen birni da ba su kiwo sun fara tura duk wannan kwata. In babu akuya a gida, akwai ta a maƙwabta, kuma ban taɓa jin mai kiwon da ya ƙi tsari ba.

Ganye, irin su alayyafo da rama da yakuwa, a wanke su kafin a yanka, a cikin baho, ba a ƙarƙashin famfo ba. A kaɗa su, a bari minti ɗaya yashi ya kwanta, sannan a tsamo ganyen da hannu zuwa wani mazubi. Masu tsiyaye ruwa su bar ganye a ciki suna mayar da yashin kan ganyen ne, shi ya sa sai sun wanke sau huɗu. A jera kayan miya daga mai tsabta zuwa mai ƙasa: tumatir da tattasai da attaruhu da farko, ganye a tsakiya, karas da dankali a ƙarshe, duk a ruwa ɗaya. Banda abin da za a ci ɗanye. Latas da kabeji da kokwamba, musamman waɗanda aka noma a bakin kwatocin gari, ɗaurayarsu ta ƙarshe sai da ruwan da za a iya sha.

A wajen dahuwa, murfi shi ne rabin aiki. Tukunyar da aka bari a buɗe tana tura ruwanta sama a banza. Doya da dankali ba sai ruwa ya sha kansu ba, rabi ya isa in an rufe, tururi zai ƙarasa. Madambaci ba na dambu kaɗai ba ne: ana iya ɗora shi kan tukunyar da ke tafasa a turara kabewa ko ganye a lokaci guda. Romon da aka tafasa nama a ciki, da ruwan da aka dafa taliya ko dankali, su shiga miya. Na taliyar har kauri yake ƙara mata, sai dai a kula da gishiri.

Wanke-wanke

A fara da busasshen aiki. A kankare ragowar abinci tsaf, a goge maiƙon manja da na miya da toka ko dusa ko tsohuwar takarda, kafin ruwa ya taɓa kwano. Maiƙo shi ke kashe kumfa, shi ke sa a yi ta canza ruwa. Tukunyar tuwo a ɓamɓare ƙanzonta a shanya, ranar da aka bukaci kwaɗo ga shi nan, sannan a zuba mata ruwan shinkafa tun da sauran ɗuminta.

Baho uku ake jerawa: na sabulu, na ɗauraya ta farko, na ɗauraya ta biyu, kowanne da ruwa kaɗan. Kofuna da cokula su fara shiga, farantai su biyo, tukwane a ƙarshe. In an gama, ruwan sabulun ya tafi bokitin daraja ta huɗu, na ɗaurayar farko ya zama na sabulu a wanke-wanke mai zuwa, na biyun ya matso gaba. Ta haka baho ɗaya kawai ake sabuntawa. A kife kwanukan a kan kwando ko tebur a rana, kada a bi su da tsumma, don tsumman madafa ya fi kwanon da aka wanke datti.

Alwala, wanka, wanki, bayi

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i. Mudunnabi bai kai lita ɗaya ba, sa'i kuma mudunnabi huɗu ne. A kwatanta wannan da mai alwala a bakin famfon masallaci, ya buɗe shi ya bari yana kwarara har ya wanke ƙafa. Famfo mai ƙarfi na zubar da lita 6 ko fiye a minti guda. Minti biyu, sau biyar a rana, lita 60 ke nan ga mutum ɗaya, fiye da jarka biyu. Buta ta fi famfo a nan nesa ba kusa ba. Kwamitocin masallatai da suka sa famfuna su duba masu rufe kansu, ko su rage ƙarfin ruwan daga babban makunni, kuma su karkatar da makwararar zuwa gindin darbejiya ko mangwaro maimakon ta malale titi ta dami masu wucewa.

Wanka da bokiti da kofi ya riga ya zama tattali, lita 10 zuwa 15 na wadatar da babba. Yara a tsayar da su cikin babban baho, abin da ya taru a kora bayi da shi. Mai shawa ya jiƙa jiki ya kashe, ya saɓa, sannan ya kunna.

A wanki, yawan omo ne ke jawo yawan ɗauraya. A rage shi, a jiƙa kayan rabin sa'a, dauɗar za ta saki da kanta. Farare su fara, masu launi su biyo a ruwan nan, tsummoki da safa su rufe. A matse kaya sosai kafin a jefa su ruwan ɗauraya, domin kumfar da ta fita a matsa ba za ta ɓata ruwan gaba ba. Ɗaurayar ƙarshe kusan tas take fita, da ita za a goge ɗaki ko a jiƙa kashi na biyu.

Bayin zamani kuwa, tsohon samfuri na sakin lita 9 ko fiye a kowace dannawa, sabo kimanin 6. A gida mai yara takwas a yi lissafi. Ko dai a kora shi da bokitin ruwan wanki, ko a cika gorar roba mai lita ɗaya a rufe a saka cikin tankinsa ta rage masa ciki. Ana kuma gwada shi ko yana yoyo a ɓoye: a zuba ruwan zoɓo mai kauri a tankin, a bar shi rabin sa'a ba a danna ba. In ja ya bayyana a ƙasa, robar da ke toshewa ta mutu, kuma ba ta da tsada. Masai na gargajiya ba ya son ruwa da yawa. Kada a mai da shi wurin juye ruwan wanki, zai cika da wuri, yana iya ruftawa, in kuma yana kusa da rijiya ya tura mata ƙazanta.

Masu rijiyar burtsatse

Da masu burtsatse ina da magana, don su ne suka fi kowa ɓarna suna ganin ba su da matsala. An kawo wuta, an kunna injin, an manta, tanki ya cika yana ambaliya ta bango sa'a guda, alhali a bayan katangar yara na layi da jarkoki. Akwai na'urar da ake sakawa cikin tanki mai kashe injin da kanta in ruwa ya kai baki, kuma kuɗinta bai kai na gyaran bangon da ruwan ke ci ba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa na iya zubar da kusan lita 20 a kwana ɗaya, abin da sauya 'yar robar ciki ke magancewa. Wankin mota da tiyo ma ɓarna ce, bokiti biyu sun isa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a tara shi don shuka da goge-goge.

Abin da ya kamata mai burtsatse ya tuna shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi da rijiyar maƙwabci sau da yawa daga tushe ɗaya suke sha. Inda burtsatse suka yawaita a unguwa, rijiyoyin guga ne ke fara ƙafewa, kuma na marasa ƙarfi ne.

Tarar ruwan sama

Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ne. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwa na milimita 20, ya sauke lita 1,000, jarka 40 a dare ɗaya. Kano kan sami kimanin milimita 800 a shekara, Damagaram wajen rabin haka. Ko an cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsala, rufin nan na iya ba da lita dubu talatin da wani abu a daminar Kano. Matsalar ba ruwan ba ce, wurin zuba shi ne. Don haka a sa indararo ya bi tsawon rufin gaba ɗaya, a haɗa duro biyu ko uku da bututu ta yadda in ɗaya ya cika zai tura wa na gaba, mai hali ya gina tanki na siminti a ƙasa.

Ruwan farkon damina ba na randa ba ne. Ya wanko ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru na wata bakwai. A bar shi ya tafi wanki ko shuka. Ko a tsakiyar damina, a bar 'yan mintunan farko su wuce kafin a tara. A ɗaure bakin duro da ragar sauro, a rufe, domin sauro na ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda zuwa kwana goma a ruwan da aka bari a buɗe. Ruwan sama ba shi da gishiri-gishiri irin na wasu rijiyoyi, shi ya sa sabulu kaɗan ke yin kumfa a cikinsa.

Inda ba a rowa

Ruwan sha ba a tattalinsa, balle a zafin Afrilu, balle ga yara da tsofaffi da mai ciki da mai shayarwa. Wanke hannu da sabulu bayan bayi da kafin taɓa abinci shi ma haka. A 2021 an ƙidaya mutum sama da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin arewa ne suka fi jin jiki. Wanda ya rage jarka ɗaya ya kwanta asibiti bai ci riba ba. In ana son wanke hannu ba tare da ɓarna ba, a huda ƙaramar jarka kusa da baki da ƙusa mai zafi, a rataye ta a ƙofar bayi da sabulu a gefe. Ana karkata ta, siririn ruwa na zuba. Kwano ɗaya da kowa zai tsoma hannu kafin cin tuwo ba wanke hannu ba ne, raba datti ne. A zuba wa kowa daga buta.

Sau da yawa ruwa na zuwa gida da tsabtarsa, a randa yake lalacewa. A ɗora ta kan wani abu, a rufe, a ware mata moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a kai ta baki. A wanke randar duk mako. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha ko an wanke ta sau goma.

Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. Wannan tacewar na cikin abubuwan da suka taimaka aka kawar da kurkunu, har aka tabbatar wa Najeriya da Nijar rabuwa da shi a 2013. Busasshen ƙwallon zogale na sa laka ta kwanta: a ɓare, a daka, kimanin ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama a ɗan ruwa, a juye, a gauraya, a bari sa'a ɗaya ko biyu. Sai dai ruwa ya yi garau ba yana nufin ƙwayoyin cuta sun mutu ba. Bayan nan sai a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa awon da ke jikin kwalin a jira rabin sa'a, ko a zuba a gorar roba mai haske a shimfiɗa kan kwano ta sha rana sa'a shida.

Ruwan da ke ɓoye cikin abinci

Duk jarkokin da muka lissafa ƙaramin abu ne in aka kwatanta da ruwan da aka kashe kafin abinci ya iso kasuwa. Noma ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Arjen Hoekstra, da abokan aikinsa sun auna matsakaicin abin da kowane abinci ke ci a duniya: kilo ɗaya na shinkafa kimanin lita 2,500, alkama wajen 1,800, naman kaza sama da 4,000, naman sa sama da 15,000. Mudun shinkafa ɗaya ke nan ya sha ruwan da ya ninka abin da gida mai mutum goma ke saye a mako.

Sai dai a karanta alƙaluman da hankali. Galibin wannan ruwa na sama ne, wanda zai sauka ko an noma ko ba a noma ba. Saniyar Bafulatani da ke kiwo a daji tana cin karan gona ba ɗaya take da wadda aka tsare a Amurka ana ɗura mata masara ba. Gero ma in aka bi lissafin zai fito da adadi mai yawa saboda ƙarancin yabanya, alhali ba ya taɓa madatsa, damina kaɗai yake sha, a ƙasar da ba abin da zai yi in ba shi ba. Wanda ke jan ruwa na gaske shi ne noman rani, shinkafa da alkama da rake. Ruwan Tiga da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura shi ne wanda da can ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Saboda haka ba zan ce wa talakan da ke ganin nama daga Sallah sai Sallah ya rage nama ba. Abin da zan ce shi ne gidan da ya mai da shinkafa da taliya abincin safe da rana da dare ya dawo wa tuwon dawa da fura da dambu da wake ko da na wasu ranaku.

Babbar asara ita ce abincin da aka noma aka zubar. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya na salwanta. A gidan Bahaushe na da, ragowar tuwo ɗumame ne da safe, abin da ya saura kuma akwai almajiri a ƙofa. Yanzu ɓarnar ta koma ɗakunan biki, inda ake cika wa kowa faranti a kwashe rabi a juye bola, da kuma buɗa-bakin azumi da ake girka kala bakwai ga cikin da kunu da ƙosai sun cika shi. A zuba kaɗan, mai so ya ƙara. Abin da ba a taɓa ba a ƙulla shi tun da zafinsa a miƙa. Lokacin arhar tumatir da kuɓewa da tattasai, a yanka a shanya, kauɗa na kai mutum har damina.

Inda babu firij ko babu wuta, akwai dabarar tukunya cikin tukunya da wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ana samun tukwanen ƙasa biyu marasa shafe, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar yadda bakinsu zai yi daidai, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, a sa tumatir ko gauta ko ganye a ciki, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ko ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsatsowa ta jikin babbar yana bushewa, yana janye zafin ciki, kayan miyar da za su ruɓe a kwana biyu ko uku sai su daɗe. A ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, a ɗora ta kan duwatsu uku don iskar ta bi ta ƙasa, a ƙara wa yashin ruwan rijiya safe da yamma. Ta fi aiki a rani da bazara. In damina ta kankama iska ta yi laima, sanyinta na raguwa, sai a rage sayen kayan miya zuwa na kwana biyu.